Tulun dala 2 da ciyawar dala miliyan 3: wa ke biyan kuɗin ƙwallon ƙananan kwalejojin Amurka?

Ranar Asabar 16 ga Nuwamba, 2019, mutum 45,161 suka shiga filin wasa na MetLife da ke jihar New Jersey, daf da birnin Niyok, domin kallon karawar wasu ƙananan makarantu biyu da Amurkawa da yawa ba za su iya nuna inda suke a taswira ba. Kwalejin Ithaca da Kwalejin Jiha ta Cortland suna can tsakiyar jihar Niyok, tafiyar kimanin awa 4 a mota daga filin. Garin Ithaca yana da mutum wajen 32,000, na Cortland kuma bai kai 18,000 ba, wato taron wannan rana ya kusa kamo jimillar mazauna garuruwan biyu. Cikin 'yan wasan da suka shiga fili babu mai karɓar albashi, babu ma wanda aka yafe wa kuɗin makaranta saboda iya wasansa. Ithaca ta yi nasara da maki 32 da 20, adadin 'yan kallon kuma ya zarce duk wanda aka taɓa gani a rukunin da makarantun biyu suke.

Wasan da ake magana a kansa shi ne zari-ruga irin na Amurka, wanda su can suke kira ƙwallon ƙafa duk da cewa da hannu ake yin mafi yawansa: mutum 11 a kowane ɓangare, hulunan kwano, kafaɗu cike da kariya, da ƙwallo mai siffar ƙwai. A jami'o'i aka haife shi. Karawar Rutgers da Princeton ta 6 ga Nuwamba, 1869 ake ɗauka a matsayin ta farko, kuma taron MetLife ya zo ne a shekarar bikin cikarta shekara 150.

Tun 1973 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ta kasa makarantu rukuni uku. A rukuni na ɗaya ake samun abin da duniya ke gani a talabijin. Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum 107,601. Ƙungiyar manyan jami'o'in da take ciki, Big Ten, ta sa hannu a 2022 kan yarjejeniyar nuna wasanni ta kusan dala biliyan 7 na tsawon shekara 7. Jami'ar Texas A&M ta kashe dala miliyan 485 wajen sabunta filinta, aikin da ya kammala a 2015. Rukuni na uku kuwa, inda Ithaca da Cortland suke, ya fi kowanne yawan makarantu, sama da 400, amma dokarsa ta hana ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa, kuma kason da yake samu daga kuɗin shigar NCAA shi ne kashi 3.18 cikin 100. A nan, idan benci ya ruɓe ko ciyawa ta mutu, babu kamfanin talabijin da zai kawo ɗauki.

Abin da ake takara a kansa tsakanin makarantun biyu tulu ne na yumɓu. Kamar yadda ake ba da labarin, a 1959 kyaftin ɗin Cortland, Tom Decker, ya saye shi dala 2 a wani gwanjon kayan gida, ya kai wa abokinsa Dick Carmean, kyaftin ɗin Ithaca. Suka shafa masa fenti da launukan makarantunsu, shuɗi da ruwan zinare na Ithaca, ja da fari na Cortland, suka haɗa sunayen garuruwan suka kira shi Cortaca. Duk shekara ana rubuta sakamakon wasa a jikinsa, kuma da wuri ya ƙare sai aka sayo wani tulun aka ci gaba. Tsakanin garuruwan bai wuce kilomita 35 ba, don haka wanda aka ci ba shi da wurin ɓuya har shekara ta zagayo.

Magoya bayan irin waɗannan kwalejoji sun bambanta da na manyan ƙungiyoyi ta fuska ɗaya mai muhimmanci: kusan kowannensu yana da alaƙa ta jini ko ta karatu da makarantar. Tsofaffin ɗalibai ne, da iyayen 'yan wasa, da malaman da suka koyar da yaron da ke riƙe da ƙwallo, da masu shagunan gari waɗanda cinikin wannan Asabar ɗin ke rufa musu asirin wata guda. Tun da safe ake cika wurin ajiye motoci, a buɗe bayan mota a kunna murhu, a gasa nama, a sadu da wanda rabon a gan shi tun ranar yaye ɗalibai. Zumunci ne ya sa rigar wasa. Wani lokaci kuma zumuncin yakan wuce gona da iri, domin a Nuwamba 2013 murnar nasara a garin Cortland ta rikiɗe zuwa tarzoma, aka kifar da motoci, 'yan sanda suka yi kame, hukumomin makaranta da na gari suka shafe watanni suna neman yadda ba za a maimaita ba.

A 2022 aka sake kai wasan birnin Niyok, wannan karo filin Yankee, mutum 40,232 suka halarta, Ithaca ta sake cin nasara da maki 34 da 17. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ɗauka kwalejin tana zaune a kan rijiyar kuɗi. Sai dai idan ta koma gida, filinta na Butterfield, wanda ke kan tudu yana kallon tafkin Cayuga, mutum 5,000 yake ɗauka.

Lissafin ƙofa

An raɗa wa filin sunan Jim Butterfield, kocin da ya jagoranci ƙungiyar daga 1967 zuwa 1993, ya ci wasa 206, ya ɗauko kofin ƙasa na rukuni na uku sau 3, a 1979 da 1988 da 1991. Shekara da shekaru filin ciyawa ce ta gaske, kuma babu fitilun wasan dare. A yankin da ruwa da dusar ƙanƙara ke sauka tun watan Nuwamba, irin wannan fili sai an lallaɓa shi kamar ƙwai. Ana hana kowa taka shi sai ranar wasa, wasannin gida kuwa a kaka ɗaya ba su cika wuce 5 ko 6 ba.

Mai karatu da ya saba da takardun kasafi zai iya yin lissafin da kansa. A ce tikiti dala 10 ne, a ce kowace kujera ta cika a dukkan wasanni 5, a ce kuma babu ɗalibin da ya shiga kyauta. Abin da za a tara a shekara shi ne dala 250,000, kafin a biya alƙalan wasa da jami'an tsaro da motocin tafiya. Da irin wannan kuɗi, tara dala miliyan 3 zai ci shekara 12 ba tare da an taɓa ko sisi ba. Kuɗin ƙofa ba ya gina fili a rukuni na uku, kuma kowa a can ya san haka.

Dala miliyan 3 ɗin ta zo ne daga hannu ɗaya. A ƙarshen 2022 kwalejin ta sanar da gudummawar Monica Bertino Wooden, tsohuwar ɗalibar da ta kammala a 1981, wadda ta yi arziki a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa MercuryGate, kamfanin manhajar tsara jigilar kaya. Da kuɗin aka cire ciyawar asali aka shimfiɗa ta roba, aka kafa fitilu, kafin kakar 2023. Dandalin wasan ya ɗauki sunan gidansu, Bertino, filin baki ɗaya kuma ya ci gaba da amsa sunan Butterfield. Hujjar kwalejin ba ta da wuyar fahimta: wurin da a da ake amfani da shi kwanaki kaɗan a shekara yanzu zai yi aiki safe da dare, ga atisaye, ga wasannin sauran ɗalibai maza da mata. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi a Amurka, inda wata dokar tarayya ta 1972 ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnati ta daidaita damar wasanni tsakanin ɗalibanta maza da mata.

Haka tsarin yake a yawancin ƙananan kwalejoji masu zaman kansu. Akwai gidauniyar talakawan magoya baya, inda ake sayar da bulo ɗaya-ɗaya a rubuta sunan mai saye a shimfiɗa a hanyar shiga, ko a liƙa suna a bayan kujera, ko a ware rana guda a shekara ana tara gudummawa ta intanet. Waɗannan suna ɗaure zukata, suna kuma sayen allon nuna maki ko sabbin riguna. Amma babban aiki yakan jira mutum ɗaya ko biyu da Allah ya hore wa, kuma ofishin neman gudummawa na kwaleji yakan shafe shekaru yana bibiyar irin wannan mutum. A nan ne taron MetLife yake da amfani na haƙiƙa. Tsohon ɗalibin da ya yi shekara 30 bai waiwayi makarantarsa ba, idan ya tsinci kansa cikin mutum 45,000 suna kiran sunanta, ya fi sauƙin ɗaga waya idan an kira shi bayan mako biyu.

Akwai kuma abokin tarayya da ba a cika ambata ba, wato baitulmalin tarayya. Dokar harajin Amurka ta ba mai kyauta ga makaranta damar cire abin da ya bayar daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Saboda haka wani kaso na duk babbar gudummawa, kuɗi ne da da gwamnati za ta karɓa. A 2017 majalisar dokoki ta toshe wata kafa, inda ta soke rangwamen da ake yi wa gudummawar da ke ba mutum damar sayen kujera ta musamman a filin jami'a, amma kyautar gini tsantsa tana nan da rangwamenta.

Kuɗin da aka ɗaure

Abin da ya sa gudummawar Ithaca ta zo da ɗaci a bakin wasu shi ne lokacin da ta zo. A watan Fabrairu 2021, ƙasa da shekara 2 kafin sanarwar, shugabar kwalejin ta lokacin, Shirley Collado, ta amince da shirin rage malamai da ya kai adadin guraben cikakken lokaci 116, tare da rufe wasu sassa da kwasa-kwasai, saboda raguwar ɗalibai. Malamai da ɗalibai sun yi zanga-zanga suna neman a buɗe musu littattafan kuɗin makarantar su gani. Kwalejin da aka kafa a 1892 a matsayin makarantar koyon kiɗa, wadda ta yi suna a fannin aikin jarida da fim, ta sallami masu koyarwa, ga shi kuma tana shimfiɗa sabuwar ciyawa.

Amsar da jami'an kwaleji kan bayar a irin wannan hali gaskiya ce, duk da ba ta sanyaya zuciya. Gudummawar da mai ita ya ɗaure da sharaɗi ba a karkatar da ita. Idan ya ce fili, to fili ne, kuma makarantar da ta kwashe kuɗin ta biya albashi da su tana iya tsintar kanta a kotu, sannan ta rasa amincin duk wani mai niyyar bayarwa a gaba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko da ma sharaɗin babu, dala miliyan 3 ta lokaci ɗaya ba za ta riƙe albashin mutum 116 ba ko na shekara guda. Duk da haka, ina ganin ƙorafin malaman yana da tushe, domin tambayarsu ta wuce wannan kyauta ɗaya. Kwaleji ce ke zaɓar abin da take nuna wa masu hannu da shuni, kuma ya fi sauƙi a nuna musu abin da za a kafa wa allo da suna a kai. Har yau ban ji labarin wanda aka rubuta sunansa a jikin takardar albashin malamin falsafa ba.

Ita kanta ciyawar robar ta jawo wata muhawarar. Ɗalibai da masu fafutukar muhalli a garin Ithaca sun nuna damuwa kan sinadaran da ake sarrafa ta da su, da ɓurɓushin robar da ruwan sama ke wankewa zuwa magudanai, a tudun da duk ruwansa tafkin Cayuga yake nufa. Sai kuma batun rauni. JC Tretter, wanda ya yi wasa a Jami'ar Cornell da ke cikin garin Ithaca ɗin, ya rubuta a 2020, lokacin yana shugabantar ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan NFL, cewa ya kamata dukkan filaye su koma ciyawar asali saboda raunin gwiwa da idon sawu. Ranar 11 ga Satumba, 2023, a kakar da Ithaca ta buɗe sabon filinta, agarar shahararren ɗan wasa Aaron Rodgers ta tsinke a kan ciyawar roba ta MetLife, mintuna kaɗan da fara wasansa na farko a ƙungiyar Jets. Masana ba su daidaita baki kan ko ciyawar ce sanadi ba, amma masu kallon tamaula za su lura cewa FIFA, da ta zaɓi wannan fili domin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2026, ta gindaya sharaɗin sai an shimfiɗa ciyawa ta gaske. Masu biliyoyi na iya sauya ra'ayi duk lokacin da suka so. Kwalejin da ke da ɗalibai wajen 5,000 da damina mai laka tana zaɓen abin da zai jure takawa ne.

Cortland ta bi wata hanyar, kasancewarta reshe na jami'ar jihar Niyok. Manyan gine-ginenta suna bi ta kasafin jiha, da duk jira da kamun ƙafar da wannan ke nufi. Filinta mai ɗaukar mutum 6,500 ya buɗe a 2002, kuma ingancinsa ya isa ya jawo ƙungiyar Jets ta riƙa yin sansanin atisayen bazara a can a yawancin shekarun 2009 zuwa 2014, abin da ya cika otal-otal da gidajen abincin garin na wasu makonni. A Disamba 2023 Cortland ta ɗauki kofin ƙasa na zari-ruga karo na farko a tarihinta, bayan ta doke North Central da maki 38 da 37.

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa kwalejin da ke rage malamai take riƙe da wasan da ba ya kawo riba a ƙofa. Amsar tana ofishin ɗaukar ɗalibai. Ƙungiyar zari-ruga a rukuni na uku takan ƙunshi 'yan wasa 100 ko fiye, kuma tun da babu tallafin wasa, kowannensu ɗalibi ne mai biyan kuɗi. A ce bayan duk rangwame kowane ɗaya yana biyan dala 25,000 a shekara, to ƙungiyar ta shigo da dala miliyan 2.5, kusan kuɗin ciyawar, kuma duk shekara. Ga shi kuma samari ne, a ƙasar da mata suka daɗe da fin maza yawa a jami'o'i. Yaro ɗan shekara 17 da ke zagaya kwalejoji tare da iyayensa yana son ci gaba da wasan da ya yi a sakandare, filin da aka nuna masa yana cikin abin da zai auna. Idan maƙwabciyarka tana da fitilu kai ba ka da su, ka san inda zai tafi.

Wannan tsere yana da hatsari ta fuska biyu. Wadda ta yi nisa da yawa tana iya rasa abokan karawarta. Kafin taron MetLife, tarihin yawan 'yan kallo a rukunin yana hannun Saint John's da St. Thomas na jihar Minesota, waɗanda suka tara mutum 37,355 a 2017. St. Thomas ta fi maƙwabtanta ɗalibai da kuɗi da gine-gine, har ta kai ga doke wata kwaleji da maki 97 da nema a shekarar. A watan Mayu 2019 ƙungiyar kwalejojin da take ciki ta fitar da ita ba da son ranta ba, ta koma rukuni na ɗaya a 2021, karawar da ke cika fili kuwa ta tsaya. Ta ɗaya fuskar, zari-ruga ba ta ceci kowa daga rufewa ba. Jami'ar Finlandia ta jihar Mishigan ta fara wasan a 2015 domin jawo ɗalibai, ta rufe a 2023. Birmingham-Southern ta jihar Alabama ta dawo da shi a 2007, ta rufe a 2024. A maƙwabtan Ithaca da Cortland ma, Kwalejin Cazenovia ta rufe a 2023, Kwalejin Wells da ke bakin tafkin Cayuga ta bi ta a 2024.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin kasafi ya san bambancin manyan ayyuka da hidimar yau da kullum, ya kuma san wanne ne ke samun mai ɗaukar nauyi. Sayen doki daban, harawarsa daban. Ciyawar roba ba ta buƙatar yanka ko ban ruwa, amma tana buƙatar shara da ƙarin ɓurɓushi da gwajin tauri, fitilu kuma suna cin wuta, duk daga aljihun makaranta. Sannan tana tsufa. Yawanci bayan shekara 8 zuwa 10 sai an naɗe shimfiɗar an kawo sabuwa, aikin da ke cin ɗaruruwan dubban daloli. A lokacin sunan dandalin yana da mai shi, don haka babu sabon allo da za a miƙa wa mai kyauta na biyu.

Ga filin Butterfield, wannan wa'adi zai faɗo ne tsakanin 2031 da 2033. 'Yan ajin farko da kwalejin za ta dogara da kuɗin makarantarsu a waɗannan shekaru an haife su tsakanin 2013 da 2015, lokacin da haihuwa a Amurka ba ta kai miliyan 4 a shekara ba, bayan ta haura miliyan 4.3 a 2007.